Annobar Injiniya Zubairu

Duk wanda ya taɓa bi ta layinmu na Nassarawa GRA da hantsi ya san Injiniya Zubairu, domin muryarsa takan riga shi fitowa daga ƙofar ofis. Wajibi ne in faɗa tun farko, saboda gaskiya, cewa babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Wani ɗan kwas na kwamfuta ya taɓa yi a bayan kasuwar Sabon Gari. Da aka ba shi takardar shaida sai ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye ta a bango, daga ranar ya hana kowa kiransa Malam.

Ofishin wani tsohon gida ne mai itatuwan mangwaro, wanda wata ƙungiyar lafiya ta kama haya. Aikin ƙungiyar shi ne gina manhajar kwamfuta da za ta riƙa hasashen yadda annoba, irin kwalara ko ƙyanda, za ta bazu a cikin gari. Aikin Zubairu kuwa shi ne kula da janareto da riƙe makullin sito. Amma a unguwarsu ta Kawaji, inda ya fito takarar kansila a shekarar, abin da aka sani shi ne shi ya ƙera manhajar da hannunsa, kuma Turawa suna roƙonsa ya koya musu. Ba zan ambaci jam'iyyarsa ba, domin ba ta da laifi a cikin abin da ya faru. Kujerar kansilar nan ita ce numfashinsa. Har ya sa an ɗinka masa babbar rigar da zai yi rantsuwa da ita, ya kuma gaya wa ofis su fara neman wanda zai gaje shi a wajen janareto.

Masu gina manhajar na ainihi su biyu ne: Malam Shawulu, wani dattijo ɗan Wusasa mai magana a hankali, da Malama Dinatu, matashiya daga Kaduna mai saurin hannu da saurin baki. A makon zaɓen gardama ta sarƙe tsakaninsu a kan abin da suke kira lissafin rassa. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Mutum ɗaya ya kamu da cuta, sai ya shafa wa biyu, ko uku, ko kuma bai shafa wa kowa ba, kowannensu ma haka, kamar itace yana fitar da rassa. Lissafin shi zai faɗi ko cutar za ta mutu da kanta ko za ta game gari. Dukansu sun yarda ana bukatarsa. Inda za a saka shi ne matsalar.

Dinatu ta ce, "A tsakiyar manhajar, Baba. Kowane sashe ya ɗiba daga gare shi kai tsaye, aiki ya yi sauri."

Shawulu ya ce, "A gefe, 'yata. Mu gina masa ɗakinsa daban, mu gwada shi shi kaɗai tukuna. In kika sa shi a tsakiya ya zo da kuskure, ko'ina zai shiga, ba kuma za mu iya cire shi ba."

Suna cikin haka Zubairu ya shigo riƙe da jarkar man janareto. Ya ajiye ta, ya goge hannu, ya ja kujera ba tare da an ce ya zauna ba.

Ya ce, "Na ji komai tun daga waje. Abin kunya ne a ce ina cikin gidan nan kuna wahala haka. Ni ina bayan Malama Dinatu."

Dinatu ta ce, "Don Allah, Injiniya, kada ka goyi bayana. Ina ƙoƙarin cin gardamar nan ne."

"Za ki ci, tunda na shigo. Matsalarku ita ce kuna gwaji da mutanen ƙarya a cikin akwati. Ni da mutane masu rai zan yi. Zan saki annobar gwaji a tsakiyar jama'a, in bi ta reshe-reshe, in ƙirga ta, in kuma tsayar da ita ranar da na ga dama. In na yi haka, Malam Shawulu, ka yarda tsakiya ba ta da haɗari?"

Shawulu ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce, "Wace irin annoba, Zubairu?"

"Injiniya."

"Wace irin annoba, Injiniya?"

"Ta alli."

Abin da bai faɗa musu ba shi ne, ya riga ya hango jawabin da zai yi a taron rufe kamfen: ɗan takarar da ya kunna annoba ya kuma kashe ta da ilimi.

Washegari ya tara direbobi da masu gadin layin. Ya zana wa mutum biyu farin alli a bayan hannu, ya ba su guntu-guntu, ya ce kowa ya zana wa mutum biyu, su ma haka. Kafin rana ta take tsaka hannuwa da yawa sun yi fari, Zubairu yana zagayawa yana duba su kamar likita. Sai aka kira Azahar. Jama'a suka ɗauki butoci suka yi alwala. Da aka sallame, babu alli a hannun kowa sai wani mai ban ruwan fulawa da bai tashi daga barci ba.

Dinatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ai ka yi nasara. Lissafin ma haka yake nunawa, sau da yawa cuta takan mutu tun tana ƙarama. Taka ta rasu a bakin famfo. Allah ya ba da haƙuri."

Zubairu ya ce, "Annobata ba ta mutuwa a bakin famfo. Kayan aiki ne ba su da inganci."

Da yamma ya tafi kasuwa ya ce a ba shi tawadar da ruwa ba ya wanke ta. Mai kanti ya ɗauko masa wata shuɗiya mai ratsin ja, ya ce wannan sai dai farce ya girma a yanke. Zubairu ya sayi babbar kwalba. Ya kuma yanke shawara cewa GRA ba ta dace da bincike ba, gidaje sun yi nisa da juna, masu gidan kuma ba sa gaisawa da kowa. Kawaji zai kai ta, inda mutanensa suke.

Ya kira Idi, shugaban matasan kamfen ɗinsa, ya yi masa bayani. Kowa zai ɗiga wa mutum biyu tawada, ya tsiyaya musu kaɗan a murfin kwalbar lemo, su ma su ɗiga wa biyu.

Idi ya ce, "An gama, Honorabul. A ina za a sa?"

"Ko'ina. Ilimi ba ruwansa da wuri. Fara da ni."

To, Idi da yaransa 'yan siyasa ne tun tasowarsu, kuma wuri ɗaya tak suka sani ana sa wa mutum tawada a duniya. Idi ya kama babban yatsan Zubairu na hagu, ya ɗiga masa a gindin farce.

Nan take matsala ta farko ta taso. Idi ya ce a wannan zamani ba zai kama yatsan matar wani ba, kada a kai shi gaban alƙali. Zubairu ya ce ai ko annobar gaskiya tana bukatar reshen mata. Aka kira Indo mai abinci, wadda take sayar da shinkafa da wake a bakin titi, ita ce kuma shugabar matan tafiyarsa.

Indo ta ce, "To, Alhaji, in na ɗiga wa mace, me za a ba ta?"

"Ba a ba da komai. Bincike ne."

"A makon zaɓe? A ɓata wa mace yatsa a ce ba komai? Ai sai su jefe ni da murfin tukunya."

Zubairu ya gyara hula ya ce, "Ki ce musu duk wadda ke da alamar nan, ba za a manta da ita ba."

Wannan magana ita ta ba annobar ƙafa. Kafin ta kai ƙarshen layi ta zama atamfa. A layi na gaba ta zama buhun shinkafa. Da ta tsallaka kwalbati ta zama kujerar Makka. Indo kuwa ba ta tsaya a mutum biyu ba. Ranar akwai kamun amarya a gidan 'yar'uwarta, mata sun cika tsakar gida sun miƙe hannuwa ana yi musu lalle. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har amarya, har uwar ango. Wani mai Adaidaita Sahu ya ɗaure kwalba a jikin madubi, duk fasinjan da ya sauka sai ya ɗiga masa tare da canji. Masu shayi suka ajiye murfi kusa da gwangwanin madara.

Da Zubairu ya fito ƙirga rassansa da safe, sai ya tarar ba a bukatar ƙirga. Duk wanda ya ɗaga masa hannu, yatsan shuɗi ne. Ya yi murna har ya kira ofis.

Ya ce, "Malam Shawulu, ka ji ikon ilimi? Ta kama!"

Shawulu ya ce, "Madalla. Mutum nawa?"

"Da yawa."

"Wa ya shafa wa wa?"

"Kowa ya shafa wa kowa."

"To, saura tsayarwa."

"Wannan ai ita ce mai sauƙin."

Kafin ya kai ga tsayarwa sai ga saƙo daga Malam Musa, limamin unguwa, yana nemansa. Ya tarar da shi a zaure, dattawa sun kewaye shi, kowa ya ɗaga babban yatsa sama.

Liman ya ce, "Zubairu, tun asuba ake yi mini tambaya ɗaya: shin wannan abu yana hana ruwan alwala isa fata ko ba ya hanawa? Na duba, na ga rini ne kamar lalle, na ce ba ya hanawa. Amma ina son sanin dalilin da ya sa jikata ta ɗiga mini shi ina lazimi, ta ce wai ta kama mini kujerar Makka."

Zubairu ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kai yanzu reshe ne."

"Ni mene ne?"

"Reshe, a ilmance. Kuma yau zan tsayar da abin."

Ya hau mota da lasifika ya zagaya unguwa yana shela: "Jama'a, an gama! Daga yanzu an rufe shafa tawada!" Jama'a suka fahimci cewa kujeru sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka tsaya jinkiri suka fito a guje, tsofaffi da sanduna, mata da goyo, aka yi layi a ƙofar Indo har bakin titi. Mutanen unguwar Gama suka ji labari suka tsallako. Ya sake zagayawa yana cewa, "Na ce an rufe!" Layin ya ƙara tsawo.

Mutane iri ɗaya ne annobar ba ta taɓa ba, su ne magoya bayan abokin takararsa, Auwalu Tela. Tun ranar farko Auwalu ya tara su ya ce asiri ne aka haɗa a kwalba don a juya musu zuciya, duk wanda ya bari aka ɗiga masa kada ya sake zama a benci a shagonsa. Suka riƙa yawo da hannu a aljihu.

Ranar Juma'a da safe Zubairu ya shiga ofis yana taƙama, ya ɗora babban yatsansa a kan teburin Dinatu, ya ce ta rubuta sakamako. Dinatu ta kalli yatsan. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Injiniya, yaushe ne zaɓenku?"

"Gobe, da yardar Allah."

"In mutum ya jefa ƙuri'a, me ake yi masa don kada ya sake dawowa?"

"Ana ɗiga masa tawada mana."

"A ina?"

Zubairu ya buɗe baki zai amsa, sai ya dubi yatsansa. Ya rufe bakin. Shawulu ya mayar da tabarau ya ci gaba da aikinsa, kafaɗunsa suna motsi don dariya.

Zubairu ya ce, "Ƙaramin abu ne. Injiniya ne ya sa ta, injiniya zai cire ta."

Bayan an sauko daga masallaci ya kafa wajen wanke yatsa a ƙofar gidansa. Aka jera robobi: ɗaya ta kananzir, ɗaya ta lemon tsami da toka, ɗaya ta ruwan wanke farin kaya, ga soso da tsakuwar goge kaushi. Da ƙyar aka samu masu zuwa, domin ba wanda yake son a wanke masa kujerar Makka, sai da Idi ya ce za a sake ba da sabuwar alama bayan zaɓe. Aka yi ta gurza har magariba. Tawadar ba ta fita ba, ta dai yi ɗan haske, yatsun kuma suka kumbura suka yi ja, unguwa ta ɗauki warin kananzir.

Da gari ya waye aka yi layi a filin makarantar firamare. Malamar zaɓen wata malamar makaranta ce da aka turo daga wata unguwa, ba ta san kowa ba, ba ta kuma dariya. Mutum na farko ya miƙa kati. Ta ce ya nuna hannu.

Ta ce, "Ka riga ka yi zaɓe."

"Wallahi yanzu na fito daga gida."

Ta sunkuya ta shinshina yatsan. Ta ce, "Ka yi zaɓe, ka je ka goge da kananzir, ka dawo. Koma gefe. Na gaba."

Na gaba ma haka, da na bayansa. Kafin rana ta yi zafi, mutanen gefe sun fi na layi yawa. Mutanen Auwalu Tela kuwa suka riƙa fito da hannuwa daga aljihu, fes, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wakilin Auwalu ya hau benci yana ihu: "Jama'a ku shaida! Unguwa guda ta yi zaɓe tun kafin a buɗe akwati!"

Sai layi ya zo kan Liman. Malamar ta duba yatsan, ta dubi rawaninsa, ta girgiza kai.

Ta ce, "Haba Baba. Har da kai?"

Liman ya janye hannunsa. Ya juya ya ce, "Ina Zubairu?"

A daidai lokacin Zubairu ya iso, cikin babbar rigar rantsuwa, domin ya ce ba laifi jama'a su fara sabawa da ita. Babban yatsansa na hagu naɗe da filasta.

Malamar ta ce, "Cire wannan."

"Ciwo ne. Ƙofar janareto ce ta matse ni."

"Cire."

Ya cire. Sai wani daga bayan layi ya ce, "Ɗan takarar ma ya yi sau ɗaya, ya dawo ƙari!"

Zubairu ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Malama, ki saurara, bayani ne na ilimi. Waɗannan mutane ba su yi zaɓe ba, kamuwa suka yi. Ni ne tushe. Daga ni sai Idi da Indo, daga su sai rassa. Kowane yatsa da kike gani a nan, ni na sa shi."

Wakilin Auwalu ya ce, "Kun ji da bakinsa! Ya ce shi ya sa!"

"Annoba nake nufi!"

Malamar ta ce, "Annoba ka sa wa mutane?"

"Ta gwaji! An ma tsayar da ita!"

Sai ga Indo ta ratso taron, matan biki a bayanta har da amarya, kowace ta ɗaga kumburarren yatsa.

Ta ce, "Alhaji, an hana mu zaɓe, mun haƙura. Yanzu ina kujerun? Ga uwar ango har ta yi sallama da dangi."

"Wace kujera? Ni cewa na yi ba za a manta da ku ba!"

Indo ta ce, "Mu ma ba za mu manta da kai ba."

Liman ya matso, ya nuna shi da yatsan nan shuɗi. Ya ce, "Tun da aka dawo mulkin farar hula ban taɓa fashin zaɓe ba. Yau yarinya sa'ar 'yata ta ce mini 'har da kai' a gaban masu bina salla. Ka ce ni reshe ne. To, reshen yana jiranka a zaure."

Zubairu ya waiga neman Idi. Idi da yaransa sun riga sun koma inuwar da mutanen Auwalu suke, suna taya su tafi da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu. Wani ɗan sanda ya riƙe hannun babbar rigar ya ce ya zo ya ƙarasa bayanin ilimin a ofishinsu. Zubairu ya zame daga cikin rigar ya bar masa ita a hannu, ya haura katangar makarantar da 'yar shara. Auwalu Tela ya ci kujera, kuma an ce ba a taɓa ƙirga ƙuri'u da sauri haka a mazaɓar ba.

Ranar Litinin ofis ya buɗe kamar kullum. Dinatu ta shigo, ta ajiye jaka, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Baba, a sa shi a gefe."

Shawulu ya ce, "Ai kin ce tsakiya ta fi sauri."

"Na ga saurin. A gina masa ɗakinsa, ƙofa ɗaya, kada ya taɓa komai sai an ba shi izini."

Sai suka ji gyaran murya. Zubairu ne a bakin ƙofa da jarkarsa, ya rame kaɗan, yatsan yana nan shuɗi.

Ya ce, "Kun daidaita ke nan?"

Suka ce sun daidaita.

Ya ajiye jarkar, ƙirjinsa ya fara dawowa wurinsa. Ya ce, "To, wa ya warware muku? Kuna ta gardama, na zo na kashe ta da gwaji ɗaya. Adalci shi ne a sa wa sashen nan sunana."

Dinatu ta dubi Shawulu. Shawulu ya ce, "Wannan karon yana da gaskiya."

Haka aka yi. Har yau a cikin manhajar akwai wani sashe can a gefe mai suna Zubairu, wanda ba a barinsa ya shiga ko'ina sai da izini, kuma da ya gama aikinsa ake rufe shi. Mai sunan ya tsaya a bayansu yana kallo ana rubuta haruffan, yana gyara musu inda babu kuskure. Ya buɗe baki zai fara jawabi ke nan, fanka ta tsaya, allon kwamfuta ya yi baƙi.

Dinatu ta ce, "Honorabul, janareto."

Ya ɗauki jarkarsa ya fita.